Kafaɗar Dama ta Sabi'u Tela

Wata ba ya ƙarewa wani saurayi bai shigo shagona da injin zanen jiki a leda ba, sabo fil, ya rusuna ya ce Baba a koya mini. In na tambaye shi me ya iya, sai ya zaro waya ya nuna mini zaki da furen da ya zana a takarda. Hannu kam kuna da shi, ban hana ku ba. Amma takarda ba ta da uwa, ba ta da suruki, ba ta tsufa ta yamushe, kuma ba ta wayar gari wata rana ta ce ta tuba. Zanen kansa ba wani abu ba ne, duk wanda aka zaunar wata uku zai iya. Abin da ya ci mini shekaru, kuma daga ƙarshe ya kayar da ni, shi ne sanin inda za a ɗora shi a jikin mutum. Na gaji da maimaita muku maganar ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta, duk wanda ya zo in miƙa masa ya je gida ya karanta a natse.

Sunana Audu. A Anguwan Rogo aka haife ni, gidan wanzamai. Kakana kuza ce ta kawo shi Jos, ba don ya haƙa ba, don ya aske kan masu haƙar, ya yi musu ƙaho in baya ya riƙe. Babana ya gaji zabira, ni kuma na tashi ina saɓa masa ita. Aikin da na fara tunawa sosai na wata Bafulatana ce da ta zo a yi mata jarfa a gefen baki. Baba bai taɓa aska ba sai da ya zaunar da ita a hasken ƙofa, ya yi ta tsokanarta cewa kindirmon da take kawo mana rabinsa ruwa ne, har ta ɗaure fuska, sannan ta fashe da dariya. Ni a zatona wasa yake. Ashe kallo yake ya ga inda fatar ke naɗewa in ta ɓata rai, da inda take buɗewa in ta washe baki. Sai da ya gama gani ya ɗiga alama da gawayi, ya tsattsaga da 'yar ƙaramar aska, ya goga baƙin fitila. Bayan shekaru da yawa na haɗu da ita a kasuwa ta tsufa tukuf, jarfar na nan daram inda ya ajiye ta.

A zamanin Baba don a gani ake jarfa, a fuska ko wuya ko dantse. Kafin in kawo ƙarfi wa'azi ya yi yawa a kanta, mata suka daina. Kaciya ta koma asibiti, aski ya koma na inji, zabira ta fara wuni a rataye. Baba da kansa ya ce in je in koyi askin zamani tun kafin in rasa abin yi. Haka na faɗa hannun Oga Emeka, wani Ibo mai shagon aski kusa da Tina Junction. Gaban shagon aski ake yi, baya kuma akwai labule, bayan labulen benci ɗaya da taga. Can ake zanen da ku kuke ce wa tatu. Hukuncinsa a addini na sani, ba sai kun tuna mini ba. Malamai sun faɗa, na ji da kunnena, na kuma yi shekaru ina toshe shi.

Injin da na tarar a bayan labulen nan, in kuka gan shi yau sai ku ce abin wasan yara ne. 'Yar motar lantarki mai juya kaset a cikin tsohuwar rediyo ce aka ciro, aka ɗaure ta a jikin kwankwason biro, aka zura allurar ɗinki a ciki. In aka kunna, ƙararsa kamar sauro ya shiga kunne. Tawada daga Anacha ake kawo masa a 'yan kwalabe. Shekara ɗaya da rabi ban taɓa fatar mutum ba. Aikina dafa allura, da aske gashin wurin da za a yi zane, da riƙe ƙafar wanda ya fara shure-shure. Shi Oga Emeka a fatar alade ya koya, ya ce ni ma zai sayo mini, na ce a kai kasuwa. A ɓawon lemo na koya, sai ganda ɗanya da nake karɓowa wajen mahauta. Allura in ta tsaya sama ƙwarai zanen ya goge cikin shekara, in ta nitse da yawa tawada ta bazu ƙarƙashin fata kamar an ɗiga shuni a rigar da ba ta bushe ba. Tsakanin biyun bai kai kaurin farce ba, kuma babu littafin da zai sa maka shi a hannu.

Wata mai sayar da gwanjo ta taɓa zuwa tana son malam-buɗe-littafi a ƙasan cibiya. Na riga na ɗauko takarda zan fitar mata da samfuri, Oga Emeka ya tambaye ta ko ta gama haihuwa. Ta ce ko aure ba ta yi ba. Ya ce to in ta yi ciki biyu, malam-buɗe-littafin nan jemage zai koma. Ta yi dariya har da hawaye, aka mayar mata da shi bayan kafaɗa. Da ta fita ya juyo ya ce da ni, da irin Hausarsa ta kasuwa:

"Audu, kar ka fara tambaya shi mene ne yana so. Tambaya shi wane ne ba ya so ya gani."

Wannan magana ita ce rabin sana'ar. Wani direba da ke ɗaukar manyan ma'aikata masu zuwa kwas a Kuru ya nace sai a bayan hannu za a zana masa kunama. Muka ce ya riƙe sitiyari a iska mu gani. Ya riƙe, ya ga abin da ogansa zai riƙa kallo daga kujerar baya tun daga Jos har Abuja, da bakinsa ya ce a kai ta ƙauri. Wanda kuwa ya ce yana da niyyar shiga aikin kaki, ko ina ya nuna ba ma yi masa, don wajen tantancewa tuɓe mutum ake yi.

Samarin Musulmi da suka fara lallaɓowa ta ƙofar baya ni ake turo wa, domin akwai abin da na fi Oga Emeka sani. Musulmi sau biyar a rana yake naɗe hannun riga har gwiwa a ƙofar masallaci, ya tattare wando, ya cire hula, jama'a na kallo. Saboda haka duk inda ruwan alwala ke bi, da ɗan abin da ke sama da shi, na haramta wa allurata. Na ƙara da wuya, na ƙara da saman ƙirji inda maɓallin riga kan buɗe. Na zana taswirar nan a kaina, ina alfahari da ita, har ina cika baki cewa duk wanda na yi wa zane, daga shi sai matarsa sai mai wankan gawarsa. Na ɗauka na ƙirga duk idanun da ke jiran jikin Bahaushe. Ashe na tsallake wuri ɗaya.

Aikin Sabi'u ranar wata Talata na yi shi da hantsi, Oga Emeka ya tafi sayayya ya bar mini shago. Sabi'u ɗan layinmu ne, lokacin bai wuce shekara ashirin ba, yana koyon ɗinki, siriri ne ƙwarai. A gidansu akwai wani kafinta Ibo da ke haya, yana da ɗa mai suna Chidi, sa'an Sabi'u. Tabarma ɗaya suka tashi a kai. Chidi ya fi iya Hausa a kan yarensu, tuwon mahaifiyar Sabi'u, wadda duk layin ke kira Inna, shi ya ci ya girma, in azumi ya zo har ɗauka yake na rabin wuni don kada kunu ya wuce shi. Babbar mota ta banke shi a kan babur a hanyar Kuru. Aka kai gawar garinsu can gabas, Sabi'u bai samu zuwa ba. Abin da ya rage masa kawai takardar sanarwar rasuwa, irin wadda suke liƙawa a bango, da hoto da suna, a gaban sunan kuma an sa 'yar alamar kuros, gicciyen Kirista.

Ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya dafa ƙirjinsa ta hagu, daidai saitin zuciya.

"Nan nake so, Yaya Audu."

Na sa ya cire riga, na ga haƙarƙari a jere ana iya ƙirgawa. Gaskiyar magana, wadda ban gaya masa ba a ranar, ita ce tsoro nake ji. A kan ƙashi allura tsalle take, kuma satin da ya wuce na karkata harafi a haƙarƙarin wani, Oga Emeka ya yi mini tas a gaban mutane. Ba na son a sake. Maimakon in ce ya jira Oga ya dawo, sai na yi masa wa'azin sana'a. Na tambaye shi wa ba ya so ya gani, ya ce Inna, da ogansa na ɗinki, da mutanen masallaci. Na ce to tela kullum a sunkuye yake kan keke, wuyan riga na rataye, duk wanda ya tsaya a kansa zai hango ƙirji. Kafaɗa kuwa ko riga mai gajeren hannu ta rufe ta, ga nama, ga shimfiɗa. Ya sake dafa ƙirjin, sannan ya ce ni na san aikina.

Kafaɗar hagu na fara dubawa. Sai na tarar da tabon lamba, na allurar rigakafin da aka yi mana muna yara, nasa babba ne kamar kwabo, kuma daidai inda haruffa za su zauna. Ban ɓata lokaci ba na juya shi dama. Iyakar shawarar da aka yi ke nan, ba ta kai minti ɗaya ba. Da na zo kan kuros na tambaye shi har da wannan, ya ce yadda yake a takardar haka yake so. A Jos ta wancan lokaci ba wanda zai ɗauki wannan da zafi. Haruffan na bi su a hankali, sama-sama, don kada in sake karkata wani. Kuros kuwa layi biyu ne miƙaƙƙu, nan na samu sakewa, na bi shi sau uku ina dannawa don ya yi baƙi sosai. Da na gama na ba shi madubi biyu ya duba, ya daɗe yana kallo, ya yi godiya ya tafi.

Shekarar da rikici ya raba garin nan biyu, ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. Ba zan ba ku labarinsa ba, iyayenku sun sani. Abin da ya shafe ni shi ne, tsakanin Anguwan Rogo da Tina Junction ya zama tafiyar da mutum ke yin sallama da iyali kafin ya kama. Na daina zuwa shago. Oga Emeka ya aiko mini da sabon injin da ya sayo daga Legas a cikin buhun shinkafa, ta hannun wani ɗan acaɓa, da saƙon cewa ya tafi gida sai abin da hali ya yi. Ban sake sa shi a ido ba. Iyayen Chidi ma suka kwashe kaya, Inna ta raka su har bakin titi tana kuka. Aikin da ya riƙa zuwa mini a shekarar ba na zane ba ne, na ɓoye zane ne. A lokacin akan tare mutum a hanya a duba goshinsa, a duba wuyansa, a duba hannunsa. Duk sanda na tuna da Sabi'u sai in yaba wa kaina, in ce da ba don ni ba da yanzu yaron nan na yawo da abin da zai ja masa. Ban san me nake yaba wa ba.

Shekara ashirin da 'yan kai suka wuce. Sabi'u ya zama Malam Sabi'u, shagonsa keke shida, ya tara gemu, in ladan ba ya jin daɗi shi ke kiran salla a masallacin layinmu. Ko zafi ya kai ina ba ya cire riga a waje. Matarsa ta sani ta kama bakinta. Shi ke ɗinka mini kayan salla kowace shekara, mu gaisa mu yi raha, ba wanda ya taɓa tayar da maganar kafaɗa.

Wata safiya ya shigo shagona ya zauna a benci, ya ƙi a yi masa aski, sai da kowa ya watse ya matso. Ya ce Inna ta samu kujerar Makka, shi ma ya samu. Ƙafafunta sun gaza, a keken guragu za ta yi ɗawafi, kuma ta rantse ba mai tura ta sai shi, shekaru take jira ya samu hali su tafi tare. Na fara yi masa barka, ya ɗaga mini hannu. Ya ce jiya a wajen bitar alhazai malami ya nuna musu yadda ake ɗaura harami. Ya miƙe tsaye ya gwada mini da tawul ɗin askina, ya bi da shi ta ƙarƙashin hammatar dama, ya yafa a kafaɗar hagu. Ƙirji a rufe, kafaɗar hagu a rufe, ta dama a waje tsirara.

Na zauna. Sau nawa na ga hoton alhazai a kalanda da talabijin, ban taɓa haɗa shi da aikina ba.

"Da liman za mu tafi, Yaya Audu, da 'yan layi. Ɗaki ɗaya za mu kwana da mutanen da suka binne 'yan'uwansu a rikicin nan. Ladan da kuros a kafaɗa. Me zan ce musu su ji?"

Saura mako bakwai jirgi ya tashi. Na ce in rufe masa shi da wani zanen, in mayar da shi baƙin ganye. Ya ce ba zai ƙara wani zunubin ba yana kan hanyar Ɗakin Allah, kuma ganyen ma sai an tambaye shi. Na'urar asibiti da ke ƙona zane da haske sai Abuja, ita kuma wata da watanni take ɗauka. A nan ne ya kamata in ce ya hau mota ya je wani gari inda ba a san shi ba, ya tambayi malami ko dole ne a buɗe kafaɗar. Bai zo mini a rai ba. Ni ɗan wanzami ne, duk matsalar da ke jikin fata aska nake gani a matsayin amsarta. Na ce zan cire masa irin na da, mako uku ya warke, wanda ya ga tabo a ce dutsen guga ne ya faɗo masa.

Cirewar a ɗakina na yi ta, da rana tsaka, ƙofa a rufe. Ba zan rubuta muku haɗin ba, don na san halinku, wani zai gwada. Kankare fata ake yi a sa abin da zai cinye ta. Haruffan ba su ba ni wahala ba, dama sama-sama na yi su, suka fita kamar an goge allo. Kuros ne ya ƙi. Tawadar da na danna sau uku shekara ashirin baya ta nitse, sai na bi ta ciki, na ƙara bi, na ƙara. Sabi'u ya cusa hular kansa a baki, ko tari bai yi ba. Babana kafin ya kafa wa mutum ƙaho sai ya tambaye shi ko ciwo na daɗewa a jikinsa kafin ya warke. Ni ban tambaya ba. A zaman nan sau uku Sabi'u ya fita fitsari, ya shanye ruwan buta biyu, na ɗauka tsoro ne.

Kwana goma hannun ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi, ciwon ya fara wari. Matarsa ta kai shi asibiti, aka auna aka ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Da likita ya tambayi abin da ya same shi ya ce dutsen guga. Likitan ya dubi ciwon ya dube shi, ya ci gaba da rubutu. Da ƙyar aka ceci hannun. Maganar tafiya kuwa, likita ya ce ko tsakar gida ba zai sallame shi ya je ba.

Ana jibi za a kira su sansanin alhazai na je duba shi, na tarar an kawo Inna a kekenta. Da farko ta ce ta fasa, sai da ya yi ta roƙonta yana kwance, sannan ta yarda wani ɗan maƙwabta da ke cikin ayarin ya riƙa tura ta. Ta ga na shigo da ledar lemo ta yi ta sa mini albarka, wai na fi wasu 'yan'uwan zumunci. Sannan ta dafa bandejin.

"Allah ya isa tsakanina da dutsen gugar nan da ya raba ni da ɗana a hanyar Makka. Audu, ba ka ce amin ba."

Na ce amin. Sabi'u ya juya fuska bango. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan rana ba.

Ta je ta dawo lafiya, ta aiko mini da dabino da zamzam a 'yar gora. Kafin wata shekarar ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa. Har ta koma ga Mahaliccinta dutsen guga take zargi.

Bayan wasu 'yan watanni ina yi wa wani tsohon malami ƙaho, na jefa masa tambaya kamar kan wani nake yi. Na ce in mutum na da lalura a kafaɗa, ya rufe duka biyun ya yi ɗawafi, yaya ke nan? Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ɗawafinsa ya yi, buɗewar ba farilla ba ce, da yawa cikin malamanmu na da ma ba sa buɗewa. Tambaya ɗaya ke nan, ba ta kai tsawon kafa ƙaho ɗaya ba. Washegari na naɗe injin Oga Emeka da alluransa da sauran tawada na miƙa wa 'yan gwangwan. Tun daga ranar aski nake yi da ƙaho, su ma sai na yi tambayar Baba.

To ku masu inji a leda, ba zan koya muku ba, kuma na san hakan ba zai hana ku ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Wanda ya zauna a gabanku yana da shekara ashirin, ba shi kaɗai kuke yi wa zane ba, har da dattijon da zai zama, wanda ba ku san shi ba, shi ma bai san shi ba. In ya nuna muku wuri, kuka ji kuna son kawar da shi zuwa wani, ku tsaya ku tambayi kanku don shi ne ko don sauƙin hannunku. In don hannunku ne, ku ce ba ku iya ba, ya tafi wajen wanda ya iya. Ni kalmar nan ce na kasa furtawa sau biyu.

Sallar da ta wuce na kai wa Sabi'u yadi kamar kullum, don bai taɓa mayar mini da ɗinki ba, ni kuma ban da fuskar da zan kai wa wani. Ya sallami ma'aikatansa su je cin abinci, ya tura ƙofa, ya zame rigarsa ta dama. Tun asibiti ban ga wurin ba. Inda sunan yake ya warke sumul, fatar ta ɗan yi haske, ko ɗigon harafi babu. Inda na haƙa da zurfi kuwa nama ya tsiro ya kumbura, ya bi layukan nan biyu daidai yadda na ja su. Kuros ɗin na nan, ya fi na da girma, kauri kamar yatsa, ko ta saman riga aka dafa sai an ji shi.

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya girgiza kai yana mayar da maɓalli.

"Wannan bai dame ni ba yanzu, Yaya Audu, duk mai son gani ya gani. Sunan nake dubawa a madubi in rasa. Da ka sa mini inda na nuna maka, da harami ya rufe shi, in tura Inna da hannuna, in zaga Ɗakin Allah da Chidi a ƙirjina ba wanda ya sani."

Ya ɗauko tef daga wuyansa, ya ce in miƙe tsaye in saki kafaɗa zai auna.